"Da zuma zalla": muhawara a kan takardar da na buga wa alkakin Innata

'Yar Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi mini haƙuri da tsawon rubutu, abin ya kwana biyu yana cin raina. Ina shekara ta uku a jami'a nan Damagaram, ina karantar kasuwanci da dabarun talla. A wannan zangon aka ba mu aiki: kowa ya nemi wata ƙaramar sana'a a unguwarsu, ya raɗa mata suna, ya zana mata tambari, ya tsara yadda za a tallata ta. Ni ban je da nisa ba. Na ɗauki alkakin Innata, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta fi shekara ashirin tana wannan sana'a a cikin Birni. Duk mai aurar da ɗiya a layinmu, ita ake kai wa alkama idan an zo haɗa gara.

Na zauna gaban kwamfuta kwana uku. Na zaɓi launin ruwan ɗorawa, na sa zanen soro irin na gidajen Birni, na rubuta "Alkakin Birni" da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da Hausa da Faransanci na sa "da zuma zalla". Jika shida na biya aka buga mini takarda ɗari biyu masu danƙo a baya.

Na kai mata bayan la'asar, tana tsame alkaki daga mai tana zubawa a tukunyar ruwan zaƙi. Ba ta yi boko ba, sai ta ce in karanta mata. Da na kai kan maganar zuma, sai ta tsaya da matsami a hannu, ta ce, "Ɗiyata, leƙa tukunyar nan ki gaya mini abin da ke ciki." Na leƙa. Sukari ne da tsamiya, sai zuma ludayi biyu. Ta ce na zuma zalla sai wanda ya yi oda, kuɗinsa ma daban. Na ce, "Inna, ai kowa haka yake rubutawa." Ta ce, "Su kowa ɗin an san ƙofar gidansu? Ni an san tawa. Ba za ki liƙa wannan a kayana ba."

Abin da ya hana ni barci ba asarar jika shidan ba ne. Lokacin da nake rubuta kalmomin nan uku ko ɗar ban ji ba. Na san yadda Inna ke dafa ruwan zaƙinta tun ina ƙarama, amma da yake allon kwamfuta nake kallo, ba fuskar mai saye ba, sai na ɗauke shi ado kawai, kamar zaɓen launi. Da maƙwabciyarmu ce ta tsaya gabana ta tambaye ni, wallahi bakina ba zai iya cewa zuma zalla ba. Shi ne nake tambaya: ina iyakar kwalliya, ina mafarin ƙarya a talla? Kuma wayoyin nan da muke talla da su yanzu, su ne suka rage mana kunya, ko dama can haka abin yake?

Mai shago a Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka wa Inna da alheri. Amma bari in faɗa miki ta bakin wanda ke wuni a kasuwa. Talla tun asali yabo ce. Yarinya mai tallar fura ba ta taɓa cewa "a sayi fura mai dama-dama". Kuma masu sayen ma suna da nasu laifin. In na gaya wa mutum gaskiya cewa wannan caja ba ta asali ba ce, wata uku za ta yi, sai ya wuce shagon gaba inda za a rantse masa, ya biya fiye da nawa. Sau nawa aka yi mini haka. Mai iyali goma yana kallon ciniki na wuce shi saboda gaskiya, ba abu ne mai sauƙi ba.

Malami daga Zango:
Alhaji, na ji uzurinka, kuma na san kasuwa da zafi. Sai dai akwai bambanci tsakanin maganganun biyu. "Mai daɗi" ra'ayi ne, mai saye zai ɗanɗana ya yanke hukunci da harshensa. "Zuma zalla" kuwa labari ne a kan abin da ke cikin tukunya, wanda mai saye ba shi da hanyar gani. Nan ne algus yake shigowa. Hadisin sananne ne a cikin Sahihu Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka ce masa me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ku lura, mutumin nan bai furta ƙarya da baki ba, tsara kayan kawai ya yi yadda ido zai ruɗu. To ina ga wanda ya buga a takarda? Game da rantsuwa kuma, ya zo a Buhari da Muslim cewa tana sayar da haja amma tana shafe albarka.

Ɗiyata, Innarki ta yi miki karatun da ya dace, ki riƙe ta da kyau.

'Yar Birni:
Na gode Malam. Wannan rabewar tsakanin ra'ayi da labari ta buɗe mini ido. A aji an koya mana ginshiƙai huɗu da wani malamin Amurka mai suna McCarthy ya tsara a 1960: kaya, farashi, wurin sayarwa, da talla. Kuma malaminmu ya sha nanata mana cewa tambari alkawari ne. Na haddace, na rubuta a jarrabawa. Sai a gaban murhun Inna na gane cewa alkawari sai da wanda za a kama in an saɓa.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Ɗiyata, tambayarki ta biyu ce ta jawo ni, don na yi shekaru ina karanta talla a bakin makirfo. Kada ki ɗauka zamaninmu tsarkakakke ne.

Da can, in sarki ko wani attajiri na da sanarwa, sankira ne ke zagaya gari da bakinsa, kowa ya san shi, ya san gidansu. Sai rediyo ta zo, kuma shekaru da yawa Muryar Sahel ce kaɗai ta cikin gida, sai su BBC da ta fara Hausa tun 1957 da muke kamowa ta gajeren zango. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ne aka buɗe ƙofa, tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani suka fito. Abin farin ciki ne ƙwarai, talaka ya samu bakin magana. Amma tasha mai zaman kanta da kuɗin talla da na sanarwa take biyan wuta da albashi. Su wa ke da kuɗin sayen rabin awa a lokacin? Da yawansu masu maganin gargajiya ne.

Ni da bakina na karanta tallar wani magani da aka ce yana warkar da basur da shawara da ciwon sukari da sanyin ƙashi, duk kwalba ɗaya. Na karanta da muryar da mutanen karkara suka yarda da ita, muryar da suke jin sanarwar rasuwa da ta ganin wata da ita. Wata rana wani dattijo ya zo tasha daga wajen Mirya da kwalbar a aljihun rigarsa, a naɗe cikin leda. Bai yi faɗa ba. Ya ce matarsa ta bar maganin likita ta koma wannan saboda ni na faɗa, ga shi ƙafarta ta kumbura. Mai maganin ya riga ya bar gari. Ni aka samu, don ni ke da ofis da ƙofa. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan.

To ga bambancin da nake gani. A rediyo akwai ƙofar da mutum zai zo ya buga, akwai shugaban tasha da zai iya cewa wannan ba za ta fita ba, akwai rasit mai sunan wanda ya biya. Ba kullum muka yi amfani da wannan damar ba, amma tana nan. Yanzu saƙon murya zai fito daga wata lamba, ya ratsa gurup hamsin kafin magariba, in ka kira lambar gobe a kashe take.

Maman Biyu:
Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Jikina ya yi sanyi.

Ungozoma a likita:
Ni abin da nake gani a wurin aiki shi ne ƙarshen tallar, bayan an kashe waya. Man bilicin ya fi damuna. Makon da ya wuce wata yarinya da ba ta kai ashirin ba ta zo awo, kumatunta sun yi ja sun ƙone, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, cinyarta duk nankarwa. Na ce ta kawo mini man. Ta fito da wata 'yar roba fara, ba sunan kamfani, ba jerin abin da aka haɗa, sai takarda mai hoton fure da aka rubuta "na gargajiya, ba illa". A sitatus ɗin WhatsApp ta gani, da hoton kafin da bayan. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa akwai sinadarin bilicin mai suna hydroquinone a ciki, ko magungunan kumburi masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, wani lokaci har da zaiba mai lalata ƙoda. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi sahu.

Kuma 'Yar Birni, tunda karatunki ne, ki duba tarihin madarar jarirai. A shekarun 1970 an yi ta ƙorafi a duniya kan yadda ake tallata madarar gwangwani ga uwaye a ƙasashe matalauta, inda ruwa ba shi da tsabta, uwa kuma ta riƙa tsinka madarar don ta daɗe. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka saboda haka, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana tallata abin da ke maye gurbin nonon uwa kai tsaye ga jama'a. Abin lura, madarar ba guba ba ce. Hoton jariri mai ƙiba a jikin gwangwani ne ya sa uwa ta raina nononta. Wato ko kayan na da kyau, wanda ka nufa da tallar da halin da yake ciki suna cikin hisabi.

Ɗan TikTok na Garin Malam:
Na ga kamar duk kibiyoyin mu ake nufi, bari in yi magana. Anti, da girmamawa, ni ba ni da ɗakin gwaji. Mai shago ya kira ni, ya ba ni jika biyar ko goma, in ɗauki bidiyo a shagonsa in ɗora. Da wannan nake sayen data, nake taimaka wa tsohuwata. Na gama lise ba aiki. Su manyan kamfanoni da ke biyan mawaƙa da 'yan kokawa miliyoyi ba wanda ke tuhumarsu, sai mu. Kuma akwai matan da ke cikin gida, ba su fita kasuwa, da sitatus kaɗai suke sayar da turaren wuta da atamfa, a turo musu kuɗi ta Nita ko Amana, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Wannan ba ci gaba ba ne?

Ungozoma a likita:
Ci gaba ne ƙanena, ni ma ta haka nake sayen atamfa. Ba sana'arka nake zagi ba. Takalmi da shadda ka tallata, mai saye na da ido. Amma abin da za a sha ko a shafa, in ba ka san abin da ke ciki ba, ka bar shi ko nawa za a ba ka.

'Yar Birni:
Yayana na Garin Malam, tambaya ɗaya tsakani da Allah. In an biya ka, kana faɗa a cikin bidiyon cewa an biya ka?

Ɗan TikTok na Garin Malam:
Gaskiya a'a. In ka faɗa, mutane ba sa ɗauka da muhimmanci. Masu kayan ma sun fi so ka yi kamar kai ka saya da kuɗinka ka ji daɗinsa.

'Yar Birni:
To ka ga, ashe abin da suke saye a wurinka shi ne yardar da mabiyanka suka yi cewa ba talla kake ba. Ni ma irin wannan na so in yi da sunan Inna, shi ya sa ba na ganin na fi ka. A Faransa sun yi doka a watan Yunin 2023 da ta tilasta wa masu irin aikinka su rubuta ƙarara cewa talla ce in an biya su. Mu ko ba wanda ya tilasta mana, kalma uku ce: "an biya ni". Wanda ya saya bayan ya ji haka, da idonsa buɗe ya saya.

Malami daga Zango:
Bari in ƙara wani abu da ke yawo yanzu. Mai kaya ya sa ƙannensa da abokansa su yi ta turo saƙon murya, "wallahi Hajiya na gwada, kwana uku na ga canji", alhali ba su taɓa kayan ba, sai a ɗora a matsayin shaida. Malaman fiƙihu sun san ɗan uwan wannan tun da daɗewa, sunansa najashi: mutum ya tsaya a kasuwa yana ƙara wa haja kuɗi ko yana zuzuta ta, ba don zai saya ba, sai don wani ya ruɗu. An hana shi a hadisi ingantacce. A kasuwar dabbobi aka fi saninsa, yanzu ya shigo waya. Ɗana na Garin Malam, dillanci halal ne, la'ada halal ce. Dillalin kirki dai kowa ya san dillali ne.

Mai shago a Kasuwar Dole:
Malam na karɓa. Amma maganar suna da 'Yar Birni ta ɗauko, ni abin na ba ni mamaki. Mace za ta aiko yaro ya sayo Omo, kowane garin sabulu na ba shi ya tafi. Kowane dunƙule Maggi ne, kowane alƙalami Bik, kowane ganyen shayi na jaka Lipton. Kakata da daddawa ta yi miya har ta rasu, jikokinta kuwa in ba dunƙule sai su ce miya ba ta yi ba. Wannan aikin shekaru ne na talla a rediyo da tele da bangon shaguna.

Injiniya mazaunin Yamai:
Alhaji, ka tuna layin waya? Celtel muka fara sani. Mo Ibrahim ɗan Sudan ne ya kafa shi a 1998, ya sayar wa wani kamfanin Kuwait a 2005 kan dala biliyan 3.4. A 2008 muka wayi gari an sake fentin shaguna an ce Zain. A 2010 Bharti na Indiya ya saye kan dala biliyan 10.7, aka sake fenti aka ce Airtel. Orange ma ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, ya koma Zamani. Lambarka ba ta canza ba, eriyar da ke bayan gidanku tana nan inda take. Har yau akwai tsofaffi a ƙauyenmu da ke cewa a sa musu katin Celtel. A wannan matakin suna kadara ce, ana sa masa kuɗi, a saya a sayar kamar fili.

Haka WhatsApp ɗin da muke ta magana a kai. Facebook ya saye shi a 2014 kan kusan dala biliyan 19, alhali manhajar ba ta kawo wani kuɗin kirki a lokacin. Taron mutanen da ke ciki aka saya. Kuma kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp yanzu, Meta, kusan duk kuɗin shigarsa daga talla ne. Shi ya sa Facebook, da ire-irensa kamar TikTok, ke tura maka abin da zai riƙe idonka, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Bidiyon da ya ce "kwana uku ki yi fari" zai fi yawo a kan wanda ya ce "a hankali, ki tambayi likita". Don haka ɗan uwanmu na Garin Malam ba shi kaɗai ke da laifi ba, injin da yake aiki a ciki yana saka wa mai zuzutawa.

'Yar Birni:
Yaya Injiniya, wannan zan sa shi a aikina. Ya kuma nuna mini abin da ya raba sunan Inna da nasu. Nasu ana iya sayar da shi a canza fenti. Nata ba ya rabuwa da ita, in ya ɓaci ba ta da wani da za ta koma. Ni kuma da nake ganin taimakonta zan yi, da shi na je yin caca.

Maman Biyu:
Ni kuma wani gefen nake kallo, ƙanwata, kada ki ji haushi. "Alkakin Birni" kika sa. Innarki kaɗai ke alkaki a Birni? Ni na san gidaje aƙalla huɗu. In kayanku ya karɓu da wannan suna, gobe wata ta rubuta shi a nata, za ku ce ta yi muku sata? Sunan unguwa na kowa ne.

Injiniya mazaunin Yamai:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Akwai tsari na musamman don irin wannan, inda suna ke zama na yanki gaba ɗaya. Hukumar OAPI da ke Yawunde, wadda Nijar ke cikin ƙasashe 17 da ke ƙarƙashinta, ita ke rajistar tambari, kuma ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da wurinsu. Masu sana'ar ne ke haɗuwa su amince da ƙa'idar yadda ake yi, duk wanda ya bi ta ya yi amfani da sunan. In matan Birni masu alkaki za su haɗa kai, sunan ya fi ƙarfi a hannunsu tare.

'Yar Birni:
Wallahi Anti ban ji haushi ba, ko kaɗan ban yi wannan tunanin ba. Kuskure biyu ke nan a takarda ɗaya.

Ɗan TikTok na Garin Malam:
Na kwana da maganar nan. Akwai bidiyo biyu na wani haɗin ƙarin ƙiba da na ɗora watannin baya, na sauke su yau da safe. Ban san abin da ke cikinsa ba, ban taɓa sha ba. Maganar "an biya ni" kuma zan gwada a na gaba in ga yadda mai kayan zai yi. Ban yi alkawarin zai yarda ba. 'Yar Birni, in Inna na so, zan yi wa alkakinta bidiyo.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ni sai da dattijo ya zo da kwalba.

'Yar Birni:
Na dawo da labari. Jiya da dare na karanta wa Inna abin da kuka rubuta, tun daga na Alhaji har na Baba. Da na kai labarin dattijon Mirya ta daɗe ba ta ce komai ba. Mun zauna mun sake takardar tare, ita ke faɗa ina rubutawa. Sunan unguwa ya fita daga sama, ya koma ƙasa wurin kwatancen gida. Ta ce a yi iri biyu: ɗaya a rubuta "da sukari da tsamiya da ɗan zuma", ɗayan "na zuma, sai an yi oda", kowanne da kuɗinsa. Ta kuma ce a sa ranar da aka soya, don alkaki in ya daɗe yana sauya ɗanɗano, abin da ni ban ma kawo a raina ba. Tsofaffin ɗari biyun suna cikin jakata, zan haɗa guda ɗaya a cikin aikin da zan miƙa ranar Litinin in bayyana dalilin da ya sa ba a liƙa ta ba.

Yayana na Garin Malam, ta amince da bidiyon, amma da sharaɗi. Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar lokacin da take suya, ka leƙa tukunyar da idonka, ka ci guda biyu tukuna. Ladanka kuma roba ɗaya ce ta alkaki, ta ce ka faɗi haka a cikin bidiyon.

Ɗan TikTok na Garin Malam:
Ki gaishe ta. Ki turo mini kwatancen gidan ta akwati, ina zuwa in sha Allah.

Maman Biyu:
Ni ma ki tambayar mini ita nawa ne na zuman, roba uku, bikin ƙanwata saura sati biyar.